Tukunyar da Ta Kai Ni Kotu Sau Biyu

Duk yarinyar da ta zo wurina ta ce tana son koyon girkin biki, abin da nake fara yi shi ne in miƙa mata muciya in ce ta ɗaga da hannu ɗaya. Ba muciyar tuwon gida ba, ta biki, wadda tsawonta ya kai kafaɗata. Yawancinsu sai su yi dariya, su ce ai Anti Rahina girki girki ne, su sun iya jalof tun suna firamare. To ku zauna ku ji. Ni ma ban tsufa ba, 'yata Nasiba bana ta shiga makaranta, karatuna kuma bai wuce in duba suna a waya ba. Amma sana'ar nan ta kai ni inda ba ta kai tsofaffi ba, har gaban alƙali mai farar hular gashi.

Aikina na farko wani aure ne a unguwar Maamobi, a ƙarƙashin Mma Adiza. Wanda bai san Mma Adiza ba, to ya taɓa cin girkinta bai sani ba. Gajeruwa ce, muryarta tana tsallake gota, babbar kwatar nan, ta isa wancan layin, kuma ba ta ɗanɗana miya sai sau ɗaya. Ranar ba ta bar ni na taɓa ludayi ba. Ta zaunar da ni gaban buhun albasa, ta ce in na gama kuka in zo in hura wuta. Murhunmu ƙarfen tayar mota ne, a jera su a bakin titi, a ɗora manyan tukwanen ƙarfen nan da muke kira dadesan. Na hura wuta har girata ta ƙone, na zo ina nuna mata, ta ce kowa da ke wurin nan ya taɓa rasa gira, tana fitowa.

A hannunta na koyi cewa jalof ɗin biki ba wutar ƙasa ke dafa shi ba. In ruwa ya tsotse sai a janye itace, a rufe da buhu, a zuba garwashi a kan murfi, a bar shi da turirinsa. Na koyi wanke karan dafi kafin a jefa shi cikin shinkafa da wake, da yadda ake tsayawa a kan shito, soyayyen yajin nan, tun safe ana juyawa har mai ya taso baƙi. Tuwon zafi kuwa mutum biyu ke tuƙa shi, ɗaya ta taka kunnen tukunya da ƙarfe, ɗaya ta ja muciya da dukan bayanta. Wadda ta yi wannan sau ɗaya, gobe ba ta iya ɗaura kallabi.

Sai masu biki. Uwar amarya za ta rantse miki cewa mutanenta kaɗan ne, dangi ne kawai, ranar kuma sai unguwar Nima gaba ɗaya ta zo da yara. Akwai gwaggon da ke zuwa ɗanɗana nama tun bai dahu ba, ta dawo ta ga ko ya dahu, ta sake dawowa ta tabbatar. Akwai masu leda a cikin jaka. Duk wannan wasa ne. Ainihin sana'ar tana ɗakin kaya. Masu gida za su sayi shinkafa da mai da tumatirin gwangwani da nama, su tara a ɗaki ɗaya, su ce mai girki ta shiga ta ɗebo abin da take so. Ba mai bin ta, ba mai leƙe. Ranar da uwar ɗakinki ta ce ke shiga ki auno, ranar kika zama mai girki, ladanki ya canza, har a fara kiran ki ƙananan suna ke kaɗai. Ni na kai nan a shekarar da na haifi Nasiba.

Aikin da ya jawo magana makoki ne. Wani dattijo ya rasu a layinmu da safe, mutum mai jama'a, kafin azahar baƙi sun fara sauka daga Kumasi da Tamale. Mma Adiza ta dubi tukwanenmu ta ce ba za su isa ba, in je in ɗauko Giwa.

Giwa tukunya ce, babu kamarta a unguwar. Yaro yana iya kwanciya a ciki ya miƙe ƙafa. Ta wata tsohuwa ce da ta rasu tun ban yi aure ba, kuma tun tana da rai take kife ta a lungun bayan gidanta. Ƙa'idar kowa ya san ta. In aure ne ko suna, a je a yi sallama, a kai goro, a roƙa. In mutuwa ce ba a tambaya, a ɗauka kawai, don tsohuwar ta ce wanda aka yi wa rasuwa bai kamata ya tsaya roƙon tukunya ba. In an gama a wanke ta, a saka kwanon abinci a ciki, a mayar. Abin da ban sani ba, kuma Mma ba ta sani ba, shi ne magada sun sayar da gidan da duk tarkacen da ke ciki ga wani Mista Ofori mai ba da hayar kujeru da rumfuna. Mutumin bai daɗe da zuwa ba, an riga an kwashe masa kujeru sau da yawa, ya gaji ya kafa kyamara a lungun.

Na je da Nasiba a baya, na tsayar da mai aboboya, babur ɗin nan mai ɗaukar kaya, muka mirgina Giwa muka ɗora. Daga baya an nuna mini hoton a ofishin 'yan sanda. Ga ni nan fes, ina nuna wa direba inda zai juya, har ina ɗaga wa wata hannu.

'Yan sanda sun iso da la'asar, su da Mista Ofori, suka ce za su tafi da ni da tukunya. Ni tafiya da ni ba wuya. Tukunya kuwa tana kan wuta a tsakiyar titi, cike da miyar ayoyo tana tafasa. Suka zagaya ta, suka duba kunnuwanta, babu ta inda za a kama. Mma Adiza ta ce su zauna, miya ba ta san hukuma ba, sai ta dahu. Aka ba su benci, aka zuba musu tuwo. Shi dai Mista Ofori bai ci ba. Dattawa suka yi ta ba shi baki, ya ce duk wanda ya kwashe masa kujera ma haƙuri aka ce ya yi, wannan karon kotu ce za ta raba.

Aka ba da belina, aka sa ranar kotu. Kafin ranar, duk wanda ya girme ni a Zango ya zo ya ba ni shawara, kuma shawarar iri ɗaya ce. Mu a nan in magana ta kai gaban sarkin Zango ko liman, ƙarami ba ya jayayya. Ko kai ke da gaskiya sai ka durƙusa ka ce ka yi laifi, babba ya yi faɗa, a ce ka tashi, a sha ruwa, magana ta mutu. Wanda ya tsaya kare kansa shi ake kira marar kunya. Mma Adiza ta riƙe kunnena ta ce:

"In ya tambaye ki, ki ce kin yi laifi. Kada ki yi masa gardama, kin ji ko? Babba ba ya dukan wanda ya durƙusa."

Haka na yi. Ɗan sanda ya karanta abin da ya karanta da Turanci, tafinta ya juyo ya tambaye ni ko na amsa laifi ko ban amsa ba. Na durƙusa da goyona na ce na yi laifi, a yi haƙuri. Aka ce in tashi, ba a durƙuso a nan. Sai majistare ya tambaya ko ina da abin faɗa.

To ni ina da wani hali. In na tsorata bakina ba ya rufuwa. Na fara daga tsohuwa mai tukunya, na bi ta kan goron aure, na faɗi sunan mamacin da ciwon da ya kashe shi, na ce tukunyar a titi muka ɗora ta kowa yana gani, na ce da an bar mu da jibi za ta koma lungunta a wanke da kwanon tuwo a ciki. Tafinta yana bina a guje yana share gumi. Majistare yana rubutu yana duban agogo, ga mutane cike da benci suna jiran nasu. Da na tsaya shan numfashi sai ya ce tunda na amsa da bakina, kotu ta same ni da laifin sata, amma saboda goyo ba zai ɗaure ni ba, ya ci ni tara. Matan layinmu suka haɗa suka biya nan take. A waje aka yi ta guɗa, aka saya mini ruwan sanyi, Mma tana gaya wa kowa cewa ita ta koya mini abin da zan faɗa. Muka koma gida kamar an dawo daga kai amarya.

Wani suna a Nima ne ya fara nuna mini abin da aka yi. Na ɗauki kwano zan shiga ɗakin kaya, sai uwar mai jego ta ja Mma gefe, suka yi ƙus-ƙus. Mma ta dawo fuska a ɗaure ta ce yau ita za ta auno da kanta, ƙafarta tana son motsi. Mako na gaba haka, na gaba ma haka. Matan nan duk sun san Giwa, da yawansu da ita aka dafa abincin makokin iyayensu. In na yi magana sai su ce wallahi sun san ban sata ba, amma ni da bakina na ce na yi, kuma kotu ta rubuta, in wani abu ya ɓace mazansu za su ce me ya sa aka bar wadda kotu ta kama ta shiga. Mma ta yi faɗa a gida biyu, aka daina kiran ta a gidajen. Ita ma tana da mata da yawa da ke ci a ƙarƙashinta. Sai na koma wanke-wanke.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Mai wanke-wanke a wajen ƙofa take zama, kusa da gota, ladanta kaɗan da ƙanzo. Ƙananan sunan da ake kira na ni kaɗai suka tsaya cak. Omo ya cinye mini 'yan yatsu. Nasiba ta fara tafiya a lokacin, ina wanki ido ɗaya a kwano ido ɗaya a kanta, don gotar Nima ba ta mayar da abin da ta karɓa. Na ɗaura mata zare a ƙugu na ɗaure a ƙafar bencina, mata suna dariya suna cewa Rahina ta fara kiwon akuya.

A wani aure a Adabraka ne wata mata ta fito waje inda muke wanke-wanke, ta cire takalmanta masu tsini, ta zauna a bencinmu tana hutar da ƙafa. Ta ajiye jakarta kusa da ni. Nasiba ta miƙa hannu ta kama igiyar jakar. Ban san lokacin da na yi tsalle na koma can gefe ba, hannuwa sama, kumfa yana zuba, ina cewa Anti ki duba jakarki, ban taɓa ba, kowa shaida ne. Matar ta dube ni ta tambaya lafiya. Masu wanki suka ba ta labari, kowa da nata ƙarin. Ta saurara, sannan ta tambaye ni ko bayan na ce na yi laifi na ƙara cewa wani abu.

Masu wanki suka fashe da dariya, ɗaya har ta tuntsurar da bokiti. Suka ce Anti, ai da ba a tsayar da ita ba da yanzu tana can tana bayani.

Ashe lauya ce, sunanta Lauya Fati, 'yar Zango ce ita ma, tana aiki a wani ofishi da ke tsaya wa marasa hali. Ta ce in same ta. Da na je ta bayyana mini da Hausa tsaf. Ta ce wanda ya amsa laifi da bakinsa, ɗaukaka ƙara tana yi masa wuya ƙwarai, don babbar kotu za ta ce ai kai ka faɗa. Amma akwai ƙofa. In mutum ya ce ya yi laifi, sannan bayaninsa ya nuna ba laifin yake nufi ba, to bai kamata alƙali ya karɓi amsar ba, sai ya rubuta cewa bai amsa ba, a kira shaidu. Ɗaukar abu daban, sata daban. Ta kuma gaya mini gaskiya: lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce tuni, sai an roƙi kotu ta yarda a shigar a makare, kuma ko an ci nasara ana iya cewa a sake shari'ar daga farko.

Wannan na ƙarshen shi ya tayar da Mma Adiza. Ta ce an fito lafiya, an biya, me zai sa mutum ya koma ya ƙwanƙwasa wa alƙali ƙofa? In aka sake shari'a aka ɗaure ni fa, wa zai riƙe yarinya? Mijina ma, da ke karen mota a trotro, motar hayar nan tamu, ya ce a bar wa Allah. Na kwana biyu ina juya maganar, ina ƙirga abin da zai iya faruwa, duk marasa kyau. Sai na dubi hannuwana na koma wurin Lauya Fati na ce a shigar.

Abin ya ɗauki watanni. Aka nemo rubutun da majistare ya yi ranar, aka buga, ta kira ni ofis tana karantawa tana fassara mini. Bawan Allah ya rubuta, ban san ya rubuta haka ba. Goro yana ciki, titi yana ciki, kwanon tuwo yana ciki. Lauya Fati ta kai kan ciwon mamacin ta ajiye takarda ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita tun da take aiki ba ta taɓa ganin wanda surutu ya yi wa rana haka ba.

Da aka sa rana, Mma Adiza da ta ce kada a je ita ta fi kowa shiri. Ta fitar da yayi, atamfa iri ɗaya, ta ce ba za a je babbar kotu kamar marasa dangi ba. Ta kawo shawarar a roƙi Mista Ofori aron Giwa a kai ta gaban alƙali ya gani da idonsa. Lauya ta hana. Ta tara mu ta ce a wannan kotun lauyoyi ne kawai ke magana, ba shaida, ba guɗa, ba durƙuso. Sannan ta juyo kaina.

"Ke kuma, Rahina, ko alƙali ya dube ki, ko ya yi tari, ko ya kira sunanki, in ban ce ki yi magana ba kada ki buɗe baki."

Na ce to. Na sayi alewa na cika baki da ita.

Ɗakin sanyi ƙalau, Nasiba ta yi barci a cinyar Mma. Lauya Fati ta sa baƙar riga ta tashi ta yi ta Turanci, ina jin sunana yana wucewa jefi-jefi. Alƙalin mace ce, da tabarau a kan hanci. Ta buɗe takardun tana karantawa, can na ga ta rufe baki da hannu, na san ta kai kan kwanon tuwo. Ta tambayi lauyan gwamnati wani abu, ya tashi ya yi 'yar gajeriyar magana ya zauna. Ni dai ina tsotson alewa, gwiwoyina suna son ƙasa, Mma ta riƙe mini zane ta baya. Alƙali ta yi magana mai tsawo, ta rufe takarda, aka kira wata ƙarar. Ban san an gama ba.

Sai a baranda Lauya Fati ta gaya mana. Lauyan gwamnati ya ce ba ya jayayya. Alƙali ta ce bayanin da na yi ba amsa laifi ba ne, ta soke hukuncin, kuma ba ta ga dalilin sake shari'a ba. Na tambaya ko yanzu in an duba littafinsu ba sunana. Ta ce ba sunana a matsayin mai laifi. Na sake tambaya, ta sake faɗa. Mma Adiza ta riƙe guɗarta har muka fita ƙofar waje, sannan ta sake ta, mai gadi ya zabura.

A trotro ta ba direba labari, ta ba karen mota, ta ba wani mutum da ke ƙoƙarin amsa waya. A bakinta alƙali ta miƙe tsaye ta ba ni haƙuri, wanda ba a yi ba. Ta kuma ce tun farko ita ta ce a ɗaukaka ƙara. Ban musa ba.

Kada ku ɗauka washegari aka yi layi a ƙofata. Akwai gidajen da har yau ba su kira ni ba, kuma ba zan je in karanta musu hukunci ba. Aiki na farko bayan kotu wani aure ne a Maamobi, gidan wata Hajiya da ba ta cika magana ba. Na iso da safe na nufi wurin bokitai kamar kullum, na fara ɗaure Nasiba. Hajiyar ta leƙo ta ce Mma Adiza ta tafi duba nama, shinkafa kuma ba za ta auna kanta ba, in shiga, ɗaki na biyu hannun dama. Ta juya ta tafi wanka.

Na shiga. Buhuna har rufi, jarkokin mai, soyayyen nama cike da baho, ba kowa sai ni. Na buɗe ƙofar har bango, na tsaya inda za a gan ni daga tsakar gida. Na ɗaga murya na ce ga shi zan buɗe buhun shinkafa. Ba wanda ya amsa. Na ce ina ɗiban albasa, guda-guda nake ɗauka. Na ce naman nan ban matsa kusa da shi ba, ga inda nake tsaye. Sai kakar amarya, wata tsohuwa da ke kwance a ɗakin da ke kusa, ta buga bango da sanda.

"Ke 'yar nan, wa ya tambaye ki? Ɗebi abin da za ki ɗiba ki bar ni in ji rediyo. Kuma rufe ƙofar nan, ƙuda na shiga nama."

Na rufe ƙofa, na fara awo.